Hoton Inna da Ƙwaryar Dilo

Bana ruwa ya yi mana irin abin da ya yi mana ina yarinya. Ya sauko sau ɗaya da ƙarfinsa har bakin kasuwar Gure ya zama tafki, kowa ya saɓa sungumi ya nufi gona, aka zuba iri. Daga nan sama ta bushe. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta kwashi rairayi ta watsa mana a ido, sai ya baje ya bar mu da zufa. Gero ya tsiro ya kai tsawon yatsa, ya tsaya yana jira, daga baya ya kwanta.

Ni kuwa a lokacin hankalina ba ya kan sama, yana kan wayar salula. Ina da 'yar butik a Gure inda nake sayar da kuka da busasshiyar kuɓewa da dabino da cuku da kanwa. Wata mai turaren wuta da muke jere da ita ta dame ni da zancen wani sabon dandali da aka buɗe a intanet. Wai mutum zai yi shafinsa na zumunci, ya liƙa shagonsa a gefe, duk wanda ya leƙo gaishe ka sai ya ga hajarka. Na ce da ita ni da na haura hamsin ina ni ina wannan rawar kai. Kasuwa ba ta sake ci ba na buɗe nawa. Kuma ban shige shi da wasa ba, don ni in na kama abu sai na ga ƙarshensa, halin da tun ina ƙarama ake yi mini faɗa a kansa.

Abin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Na tono 'yan ajinmu na lakwal, wato makarantar boko, da na ɗauka sun mutu, ashe suna nan da tumbinsu. Dangi na Difa da Agadas da waɗanda ke Libiya duk suka taru a shafina, ana ta sanya albarka. Mutanen Damagaram da Yamai suka fara sayen cukuna, ina kai wa direbobi a tasha. Na koyi yadda ake juya kaya wajen haske kafin a ɗauke su, na koyi cewa kuka a cikin ƙwarya ta fi kuka a cikin leda shiga ido. Har mijina ya fara kirana Madam Rezo, wai don kullum ina neman rezo, wato sabis ɗin waya.

Ana cikin haka wata ma'aikaciya daga Yamai ta rubuto mini. Ta ce tunda ni 'yar gabas ce, ko ina samun dilo? An gaya mata yana da kyau ga masu ciwon sukari, kuma ƙawayenta da yawa suna nema ido rufe. Na daɗe ina kallon kalmar nan a fuskar salula. Dilo shi ne ƙwayar 'ya'yan anza, wannan itacen da ba ya bushewa ko an shekara ba ruwa. Rabon da in ji sunansa a bakin wani har na manta, amma nan take ɗacinsa ya dawo mini a maƙogwaro.

Ban fi shekara goma sha ɗaya ba a waccan shekarar. Muna ƙauyenmu, can bayan Gidigir, ni da Baba da Inna da yayana Bukar. Damanar da ta gabata ba ta ba da komai ba, saboda haka tun farkon bazara gida ya fara canza kama. Da fari fura ce ta yi ruwa, har kana ganin gindin ludayi. Sai abincin rana ya ɓace ba tare da an yi shelarsa ba. Sai tuwon dare ya fara zuwa da dusa a ciki, yana kartar wuya. Baba ya kai awakinmu kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ya dawo da abin da bai cika zanen Inna ba. Zafi kuwa irin wanda in ka taka rairayi da rana sai ka yi rawa. Guga yana daɗewa kafin ya taɓa ruwa a rijiya, ya fito da rabinsa laka. Shanun makiyaya suna faɗuwa a bakin hanya, warinsu na shigowa har cikin ɗaki.

Ruwan farko ya sauka aka yi shuka, ta ƙone. Aka sake, iska ta binne ta. Ta uku da ragowar geron da za mu ci aka yi ta. Na tuna Baba yana auna irin a ƙwarya, Inna ta juya baya ta shige ɗaki don kada ta gani. Daga ranar muka koma daji. Mun ci ganyen jiga, mun sussuka ƙarangiya muna cire 'yar ƙwayar cikinta har yatsu suka yi jini, mun haƙa gidan tururuwa mun ƙwace abin da suka tara. Da duk wannan ya ƙare, sai anza.

A wurinmu cin dilo ba ƙaramin abu ba ne. Ganye kowa na ci, ana iya cewa marmari ne. Amma gidan da aka ga ana jiƙa dilo, an san rumbunsa ya kai ƙasa, kuma maigidan ya kasa. Inna ta gwammace ta mutu da a faɗi haka a kan Baba. Saboda haka da safe za mu fita da igiya kamar masu zuwa itace, mu yi nisa inda ba za mu haɗu da kowa ba, mu ciko kwando da 'ya'yan anza, mu rufe su da ƙirare. A gida sai a shanya su a bayan ɗaki, a fasa, a fitar da ƙwayar, a zuba a tulu a cikin ɗakin Inna, ba a tsakar gida ba. Kullum sai an tsiyaye ruwan an sake sabo, ga shi ruwan ma da ƙyar ake samunsa. Ruwan jiƙon nan ɗaci ne da shi kamar maɗaci, ko akuya ba a bari ta sha, sai mu haƙa rami mu zuba mu rufe. Inna takan ɗauki ƙwaya ɗaya ta taɓa da harshe, ta tofar, ta ce, "Da saura." Mu kuwa muna tsugune muna kallon bakinta.

Wata rana Bukar ya kasa jira, ya ɗebi wanda bai gama jiƙa ba ya dafa a ɓoye. Ya wuni yana amai, jiri na ɗibarsa. Inna ba ta dake shi ba. Ta ɗora kansa a cinyarta tana yi masa fifita, tana cewa in wani ya tambaya a ce zazzaɓi ne. Idan dilon ya yi, sai a dafa shi da kanwa kamar wake, a barbaɗa gishiri, ba mai ba yaji. Yana cika ciki, amma ɗacin ba ya barin harshe har washegari.

Duk la'asar kuma sai Inna ta jawo turmi tsakar gida, ta zuba ƙaiƙayi, ta yi ta daka da ƙarfi har da luguden hannu, don a ji turmin gidanmu bai yi shiru ba. Ta hura wuta a kan lokaci hayaƙi ya tashi. In za mu fita wasa ta ce, "Wanda ya tambaye ku me kuka ci, ku ce tuwo, miyar kuka." Ƙarfin da take ɓatawa a wannan dakan banza ya fi abin da take ci, amma ba ta taɓa fashi ba.

Noma ma haka aka yi shi. Ba wanda ya iya kiran gayya, don ba furar da za a ba mutane. Sai maza suka riƙa zuwa gonar juna ba tare da an gayyace su ba. Su yi ta tura hauya tun da sassafe, kowa ya ɗaure cikinsa da rawani, kafin rana ta take sai su zame ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce zai duba jakinsa, wancan ya ce ana nemansa a gida. Ba komai ba ne illa kada lokacin fura ya yi mai gona ya rasa inda zai sa fuskarsa. Da ruwa ya dawo sosai, ƙanshin ƙasa kaɗai sai da ya sa ni kuka. Tafasa ta fito, wake ya yi fure, ranar da Baba ya karyo mana tumu aka gasa, na ci har muƙamuƙina ya gaji. Inna ta wanke tulun nan da toka, ta kife shi, ta ce kada ta kuskura ta ji wani ya ambaci abin da aka jiƙa a ciki. Baba har ya rasu ban ji ya ambata ba.

To wannan abin ne mutanen Yamai suke nema da kuɗinsu. Na yi dariya ni kaɗai a butik, na ce duniya ta juya. Washegari na hau mota zuwa ƙauye, inda Inna take zaune a gidan Yaya Bukar da matarsa da 'ya'yansa.

Na tarar da ita a inuwar ɗakinta ta rame, na ɗauka tsufa ne da zafi. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, kin tuna yadda ake gyara dilo?"

Ta dube ni ta ce, "Wa ya aiko ki?"

Na kwashe labarin duka na gaya mata, ina ta zuba kamar rediyo, ina nuna mata saƙon matar Yamai da ba ta iya karantawa. Sai ta ce, "Akwai kaɗan da na jiƙa. Marmarinsa ne ya taso mini."

Wallahi farin ciki na yi. Na ce na yi sa'a, ba sai na jira ba. Aka fito da shi daga ɗaki, wanda ke cikin ruwa da wanda aka gama gyarawa aka busar, kuma ba kaɗan ba ne. Na zuba a ƙwarya mai kyau, na zaunar da Inna inda haske ke faɗowa, na gyara mata kallabi. Ina cewa, "Ɗaga hannun kaɗan, Inna. Juyo nan. Yi murmushi mana, ba makoki ake ba." Ta yi duk abin da na ce. Busasshen kuwa na juye shi kaf a buhu. Matar Yaya tana tsaye bakin madafa tana kallona, na ce mata kada ta damu, ribar da ita za a ci. Yaya Bukar yana gona, ban ma jira dawowarsa ba, don ina sauri kada motar yamma ta wuce ni.

Ina isa Gure na sa hoton, na rubuta a ƙasa: "Dilon Inna, abincin da ya raya gidanmu lokacin yunwa." Ban taɓa sa abin da ya yi farin jini irinsa ba. Mutanen birni suna ta yabon fuskar Inna, suna cewa a ajiye musu. Abin da na manta shi ne shafin nan ba na masu saye kaɗai ba ne. Dangi na ciki, 'yan ƙauyenmu da ke ci-rani na ciki, kuma ba wanda ya karanta shi a matsayin labarin da. Tsohuwa suka gani ramammiya da ƙwaryar dilo a hannu, a shekarar da shuka ta ƙone.

Kawu Mamman, ƙanen Inna da ke sayar da hatsi a Damagaram, shi ya fara kirana. Ya ce, "Falmata, haka abin ya kai ba wanda ya gaya mini? Na sa an ware buhuna, gobe za a ɗora su a mota." Ban gama ba shi amsa ba sai ga kiran Yaya Bukar.

"Me na yi miki, Falmata? A masallaci yau mutane ke ba ni hannu suna cewa Allah ya kawo sauƙi. Ya Kellu ta shigo wajen Inna da ƙwaryar gero a rufe da faifai, kamar gidan da aka yi gobara. Abin da tsohuwar nan ta rufe tun muna yara, ke kin buɗe shi da yatsa ɗaya."

Ya Kellu maƙwabciyarmu ce tun fil azal, sa'ar Inna. Da na ji har ita ta kawo sadaka, sai kunya ta koma mini fushi. Na ce ni zan gyara. Na koma shafin na yi dogon rubutu, na ce masu yaɗa jita-jita su ji da kansu, hoton nan talla ne kawai, gidan Malam Bukar rumbunsa cike yake, mu ne ma muke ba wasu. Na ji daɗin rubutun ƙwarai. Kawu Mamman ya sake kira yana dariya, ya ce, "Ja'ira, kin tayar mini da hankali a banza. Bari in ce a mayar da buhunan sito." Na taya shi dariyar. Daga baya na ji Yaya ya sa an mayar wa Ya Kellu geronta, tunda ƙanwarsa ta riga ta faɗa wa duniya cewa ba sa buƙata.

Dilon da na kwaso ya ƙare a 'yan kwanaki, masu nema suka yi mini yawa. Abin da ya mayar da ni ƙauye ke nan, ba ban haƙuri ba. Na sauka da rana, gonaki a bakin hanya duk sun yi fari, an sake shuka amma ba ta da ƙarfi. Gidan ya yi tsit, yaran Yaya suna kwance a inuwa a lokacin da ya kamata a ce sun cika gari da ihu. Na gaida Inna, na ce zan sayi duk dilon da ke akwai, kuma mata su shiga daji su samo mini, zan biya.

Yaya Bukar na zaune a gefe yana gyaran ƙotar hauya. Ya ajiye ta, ya tashi, ya ɗauko tsani ya jingina a jikin rumbu. Ya ce, "Hau ki duba."

A garinmu mace ba ta leƙa rumbun maigida, ko matarsa ce, balle ƙanwar da ta yi aure ta tafi. Na ce, "Yaya, Allah ya huci zuciyarka."

"Hau, Falmata. Ke kika ce cike yake."

Na hau, na ɗaga murfin na sa kai. Zafi ya buso mini da warin tsohon ƙaiƙayi. Ina ganin daɓen ƙasan rumbun fes, an share shi da tsintsiya. Na daɗe a haka, don na rasa yadda zan sauko in dube su.

Inna ce ta yi magana, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Wanda kika juye a buhu rannan, shi za mu ci kafin na cikin ruwa ya yi. Da kika tafi da shi, sai muka ci na ruwan da sauran ɗacinsa. Yaran nan sun sha wuya."

Na ce, "Inna, me ya hana ki gaya mini?"

"Kin shigo da murnarki. Kin ce in ɗaga hannu na ɗaga. Ina jira ki tambaye ni me aka dafa a gidan, sai kika ce mota za ta wuce ki."

Ban taɓa jin na tsani kaina irin ranar ba. Ni da na san ɗacin abin nan a harshena, ni da na san ba mai jiƙa dilo don marmari, na tsaya ina neman inda haske ya fi kyau. Na ce zan kwashe abin da ke butik in sayo gero. Yaya ya ce ya gode, amma ni ma na san abin da butik ɗina za ta iya ba zai kai gidan nan kaka ba, ga yadda hatsi ya yi tsada. Wanda zai iya shi ne Kawu Mamman, kuma ni na sa ya sauke kayansa. Yaya ya ce shi bakinsa ba zai iya ba, bayan abin da aka rubuta da sunansa.

Inna ta ce, "Ni ban taɓa roƙon ƙanena ba, yayanki kuma ba zai fara yau ba. Ke da kika iya magana da duniya, je ki yi da kawunki."

A ƙauyenmu rezo ba ya kamawa sai a kan wani tudun rairayi da ke bayan gari. Da safe da yamma wurin cike yake da masu kira, kowa na jin zancen kowa. Inna ta ce in tafi yanzu da tsakar rana, lokacin da ba mai hankalin da zai hau shi. Na tafi, rairayi na shiga takalmina yana ƙona ni, ina ta shirya yadda zan jera maganar don ta yi sauƙi a baki.

Da na kai sama sai na tarar ba ni kaɗai ba ce. Ya Kellu na tsaye a can gefe, ta lulluɓe kai da zane, ta manna wata tsohuwar salula a kunne. Ba ta ji zuwana ba. Ɗanta take kira, tana magana ƙasa-ƙasa, amma iska ta kawo mini. "Ko tiya biyu ce ta gero ka aiko. Tun watan jiya anza muke ci. Kada ka gaya wa kowa."

Matar da ta kawo wa Inna gero ke nan, aka mayar mata da shi saboda bakina.

Ta waiwayo muka haɗa ido. Ba ta gaishe ni ba, ni ma ban gaishe ta ba. Ta juya mini baya ta fuskanci gabas, na juya mata baya na fuskanci yamma, na danna lambar Kawu. Ya ɗauka da fara'arsa yana cewa, "'Yar kasuwar zamani, yau kuma me za ki sayar mana?"

Na ce, "Kawu, hoton nan ba talla ba ne."